Katin Mai Tsaron Raga Tsakanin Masu Tarawa da Masu Jari

A ƙasar Kanada da jihohin arewacin Amurka, inda sanyi kan daskarar da tafkuna na tsawon watanni, kuma wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wato hoki, ya zama abin da yara ke buɗe ido da shi, akwai tsohuwar al'adar tara ƙananan katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, wadda ta haura shekara ɗari tana wucewa daga uba zuwa ɗa. A cikin masu wannan al'ada akwai rukunin da ya zaɓi hanyarsa ta daban, domin maimakon mutum ya bi katunan kowa da kowa, sai ya tsaya a kan mai tsaron raga guda ɗaya da zuciyarsa ta kwanta da shi, ya shafe shekaru yana farautar duk katin da aka taɓa bugawa da hoton wannan mutumin. Suka kan zo wa irin waɗannan mutane ta fuska biyu. Na waje suna ganin babba da gemunsa yana ɓarnar kuɗi a kan kwali, na ciki kuwa, wato waɗanda suka mayar da kati hajar kasuwa, suna ganin ya zuba jarinsa a wurin da riba ba ta da yawa, tun da katunan da suka fi tsada a tarihin wasan na masu zura ƙwallo ne. Sukar biyu duk da ma'auni guda suka yi awo, wato kuɗi, alhali abin da mai bin katunan gola ɗaya yake tarawa tarihin wani mutum ne da tarihin sana'arsa, kuma wanda ya fi cancantar a tuhuma a wannan harka shi ne kasuwar da ta shigo daga baya tana neman raba kati da mai karanta shi.

1. Wasan da mutumin da ke bakin raga

Ana yin wasan ne a kan fili na ƙanƙara da aka kewaye da katanga, kowane ɓangare da mutum 6, dukkansu a kan takalma masu ƙarfen zamiya a ƙasa, suna bugun wani faifan baƙar roba mai tauri da sanduna masu lanƙwasa. Faifan faɗinsa inci 3 ne, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma ƙwararren mai bugu kan iya harba shi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa ɗaya, kuma kafin wasa akan sanya shi a firiza domin ya rage tsalle. Ragar da ake son jefa shi ciki faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, kuma a bakinta ne mai tsaron raga yake tsayawa tsawon zango 3 na minti 20 kowanne. Sauran 'yan wasa suna shiga suna fita cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu saboda gajiya, shi kuwa galibi yana nan daga farko har ƙarshe, kuma duk lokacin da ya yi kuskure akwai jan fitila a bayansa da ke kunnuwa ta sanar da dubban mutane. An yi wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili a birnin Montreal a 1875, sannan aka kafa gasar NHL a birnin a 1917, wadda a yau take da ƙungiyoyi 32, guda 7 a Kanada, ragowar a Amurka.

Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi 6 kacal ke cikin gasar, kuma a mafi yawan wannan zamani kowace ƙungiya gola ɗaya take dogaro da shi, wanda ke nufin gurbin aikin bai fi 6 ba a gasar da ta fi kowace girma a duniya. Glenn Hall, wanda ya tsare ragar Detroit sannan ta Chicago, ya buga wasa 502 a jere ba tare da ya huta ko ɗaya ba, kuma fuskarsa a buɗe. Wannan ƙarancin shi ne dalili na farko da ya sa magoya baya suke ɗaukar gola da wani ido na musamman, domin ƙungiya tana iya samun masu kai hari goma sha, amma sunan da ake haɗa ta da shi a bakin raga guda ne na tsawon shekaru.

2. Daga kwalin taba zuwa cingam

Katin hoki bai fara a matsayin abin sayarwa ba. Kamfanin Imperial Tobacco na Kanada ne ya fara sanya shi a cikin kwalin sigari a kakar 1910-11, jerin katuna 36, domin ya ƙarfafa kwalin kada kararen taba su karye, kuma ya ja hankalin mai saye ya dawo neman wanda ba shi da shi. Jerin da ya biyo baya a kakar 1911-12 yana da katuna 45, kuma a cikinsa ne katin farko na Georges Vézina ya fito, mai tsaron ragar Montreal Canadiens ɗan garin Chicoutimi, wanda ya shafe kimanin shekara 15 bai taɓa rasa wasan ƙungiyarsa ba har ranar da ya faɗi a kan ƙanƙara a watan Nuwamban 1925, tarin fuka ya ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Maris na 1926. Kofin da ake bai wa gwarzon gola na kowace kaka sunansa yake ɗauke da shi har yau. Abin da masu tarawa ke nufi da katin farko shi ne katin da wani babban kamfani ya fara buga wa ɗan wasa a cikin jerinsa na yau da kullum, kuma shi ne ake bai wa matsayi fiye da duk waɗanda suka biyo bayansa.

Bayan taba sai alewa da cingam suka karɓi aikin. Kamfanin Parkhurst na Toronto ya fito da jerinsa na kakar 1951-52, inda katin farko na Terry Sawchuk yake, Topps na Amurka ya shigo a kakar 1954-55, sannan O-Pee-Chee na garin London da ke lardin Ontario ya zama sunan da yaran Kanada suka fi sani, katunansa na baya-baya suna ɗauke da rubutu cikin Ingilishi da Faransanci. Yaran wancan zamani ba su ɗauki kati da wata daraja ta kuɗi ba. Suna jifan bango da shi su ga na wa zai fi kusa, suna maƙala shi a jikin keke ya riƙa bugun wayoyin taya yana ƙara, suna ɗaure shi da robar da ke cin gefensa, kuma idan yaro ya girma ya bar gida sau da yawa kwalin takalmin da ya tara su a ciki bola yake tafiya. Tsadar tsofaffin katuna a yau daga wannan sakacin ta samo asali, abin da masu saye domin ajiya suka kasa fahimta lokacin da suka ruga kasuwa daga baya.

3. Fuskar da ta ɓace a bayan garkuwa

Babu wani gurbi a wasan da kamanninsa suka canza kamar na gola, kuma duk wanda ya jera katunan masu tsaron raga bisa shekaru zai ga canjin da idonsa, gani kuwa ya kori ji. A katunan shekarun 1950 mutum ne tsaye da fuskarsa a fili, gashinsa a taje, da katifun fata masu ruwan ƙasa ɗaure a ƙwaurinsa, waɗanda ke shan ruwa su yi nauyi kafin a tashi wasa. Sawchuk, wanda ya kammala wasa 103 ba a zura masa ko ɗaya ba, adadin da ya daɗe shekaru da dama ba a kamo shi ba, yakan durƙusa ƙasa sosai domin ya hango faifan ta tsakanin ƙafafuwan mutane, wanda ke nufin fuskarsa tana daidai inda harbi ke wucewa. A 1966 mujallar Life ta buga hotonsa bayan an zana masa a fuska tabon raunukan da ya samu, hoton da ya zama shaidar abin da sana'ar ke yi wa mai ita. Ya rasu a 1970 yana da shekara 40.

Ranar 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, harbin Andy Bathgate na ƙungiyar Rangers ya fasa fuskar Jacques Plante na Montreal, aka fita da shi aka yi masa ɗinki, kuma da yake babu wani gola na biyu a benci, sai da kowa ya jira shi. Plante ya shaida wa kocinsa Toe Blake cewa ba zai koma ba sai da garkuwar fuskar da yake sawa a wajen atisaye, wadda aka ƙera da zaren gilashi bisa siffar fuskarsa, kocin da ya daɗe yana ƙin abin bai da yadda zai yi, Montreal ta ci wasan 3 da 1, ta kuma ci gaba da wasanni masu yawa ba a doke ta ba. Ba shi ne na farko da ya taɓa gwadawa ba, domin Clint Benedict ya sa wata ta fata na ɗan lokaci a 1930, amma shi ne wanda ya tsaya a kan bakansa duk da masu cewa tsoro ne ya kama shi. Sai da aka ƙara shekara 15 kafin al'adar fuska a buɗe ta mutu, lokacin da Andy Brown na Pittsburgh ya buga wasansa na ƙarshe a gasar a 1974. Mai riƙe da katin farko na Plante, na Parkhurst na kakar 1955-56, tare da katunansa na ƙarshen aiki, yana riƙe da wannan sauyin gaba ɗaya a cikin shafi guda na kundinsa.

Abin mamakin shi ne garkuwar da ta ɓoye fuskar gola ita ce ta ba shi suffar da babu wani ɗan wasa da ke da irinta. Gerry Cheevers na Boston ya sa ana zana alamar ɗinki a kan farar garkuwarsa duk inda faifai ya buge ta, har ta cika da baƙaƙen layuka, kowane layi yana nuna raunin da zai samu da babu ita. Daga nan masu zane suka shigo, aka ga kan zaki a fuskar Gilles Gratton, gaggafa a ta Ed Belfour, da mahaukacin kare mai buɗaɗɗen baki a ta Curtis Joseph. A wasan da kowa ke sanye da riga iri ɗaya da hular kwano iri ɗaya, gola kaɗai aka bari ya zaɓi yadda duniya za ta gan shi, shi ya sa katinsa ya fi na kowa ɗaukar ido. Kamfanoni sun gane haka, domin a shekarun 1990 Pinnacle ya fitar da katunan da garkuwar kaɗai ke kansu babu mutum, daga baya kuma In The Game na Kanada ya yi shekaru yana buga jerin Between the Pipes, wanda babu kowa a cikinsa sai masu tsaron raga.

4. Abin da ke bayan kati

Girman katin zamani inci 2.5 ne a 3.5, kuma wanda bai saba ba gaban yake kallo ya ajiye, alhali rabin amfanin yana baya, inda ake jera kakannin wasa layi bayan layi da ƙananan haruffa. A katin gola ana rubuta yawan wasannin da ya buga, da waɗanda ya ci, da waɗanda aka ci shi, da waɗanda ya kammala ragarsa ba ta motsa ba, sannan lissafi biyu da ke buƙatar bayani. Na farko shi ne matsakaicin ƙwallayen da ake zura masa a cikin kowane minti 60, na biyu kuma shi ne kason harbin da ya tare daga cikin duk wanda aka auna ragarsa da shi, wanda ake rubutawa kamar .915, ma'ana ya tare 915 daga kowane 1,000. Lissafin farko yana iya yi wa gola ƙarya ta alheri ko ta sharri, tun da wanda ke bayan ƙaƙƙarfan masu tsaron baya harbi kaɗan ke isowa gare shi, na biyun ya fi kusa da nuna aikin hannunsa shi kaɗai. Mai tarawa da ya iya karanta waɗannan layuka ya san cewa ba a kwatanta lissafin shekarun 1980, lokacin da ƙwallaye ke shiga kamar ruwa, da na ƙarshen shekarun 1990 ba tare da an yi la'akari da zamani ba.

Dominik Hašek misali ne da ya isa a tsaya a kansa. An haife shi a garin Pardubice na tsohuwar Czechoslovakia a 1965, Chicago ta zaɓe shi tun 1983 a matsayi na 199, amma bai iso Amurka ba sai 1990 bayan faɗuwar mulkin gurguzu, kuma da ya iso a benci ya fi zama a bayan Belfour, har aka sallama shi ga Buffalo a 1992. Salonsa bai yi kama da abin da ake koyarwa ba, domin yakan kwanta rigingine, ya mirgina, ya yar da sandarsa ya danne faifai da hannu, kuma masu hoto sun sami abin ɗauka a jikinsa fiye da kowa. Bayan katunansa na Buffalo yana nuna matsakaicin 1.95 a kakar 1993-94, karon farko da wani ya sauka ƙasa da 2 tun zamanin Bernie Parent shekara 20 kafin nan, da kakanni 6 a jere da ya fi kowa kason tarewa. Ya ɗauki kofin Vézina sau 6, ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 1997 da 1998, abin da babu golan da ya yi sau biyu sai shi, kuma a gasar Olympics ta Nagano a 1998 ya tare dukkan mutum 5 na Kanada a bugun raba gardama kafin ƙasarsa ta doke Rasha 1 da 0 ta ɗauki zinare. Duk da haka katinsa na farko, na kakar 1991-92, inda yake sanye da rigar Chicago da ba ta san darajarsa ba, idan ba wanda kamfanin tantance katuna ya ba maki ba ne, ana samunsa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Farashin kati da girman mai katin abubuwa biyu ne da ba lallai su haɗu ba, kuma wanda ya san tarihin Hašek zai ga wannan kati mai arha ya fi wasu masu tsada ba da labari.

5. Hikimar tsayawa a kan mutum ɗaya

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma zaɓen gola ɗaya yana da amfanin da bin kowa da kowa ba shi da shi, wato yana ba tarin farko da tsakiya da ƙarshe. Mai bin Patrick Roy zai fara da kati mai lamba 53 na kakar 1986-87, wanda aka buga bayan saurayin ɗan lardin Quebec ya kai Montreal ga kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, yana da shekara 20. Zai bi shi cikin jar riga yana kallon yadda salon da ake kira na malam-buɗe-littafi ke kafuwa, wato gola ya zube a kan gwiwoyinsa ya baje katifunsa hagu da dama ya toshe ƙasan raga, salon da Roy da mai horar da shi François Allaire suka gyara har ya zama abin da kusan kowa ke bi. Zai iso 1993 da kofi na biyu, sannan kwatsam rigar ta canza, domin ranar 2 ga Disamba 1995 koci Mario Tremblay ya bar shi a raga har Detroit ta zura masa 9 a gaban magoya bayan Montreal, ya fito ya shaida wa shugaban ƙungiyar cewa ya gama yi musu wasa, kuma kwana 4 bayan haka ya zama ɗan Colorado, inda ya ƙara kofi biyu a 1996 da 2001. Katunan waccan kaka guda, wasu cikin rigar Montreal wasu cikin ta Colorado, su ne shafin da mai tarawa zai fi daɗewa a kansa idan yana nuna wa baƙo kundinsa.

Ba dole ba ne zaɓin ya faɗa kan shahararre. Akwai masu bin golan da ya yi 'yan shekaru a benci, ko wanda ya fito daga ƙaramin garinsu, kuma irin wannan tarin yakan fi wuya duk da arharsa, domin dole a nemi katunan ƙananan gasanni, da waɗanda ƙungiya ta raba a ƙofar fili, da waɗanda suka zo a cikin kwalin abinci, abubuwan da babu dillalin da ya damu ya ajiye. A nan ne musaya tsakanin masu sha'awa take da rai har yanzu, kuma a Kanada shagunan shan gahawa na Tim Hortons, waɗanda suka samo suna daga wani tsohon ɗan wasan hoki, suna sayar da ƙananan fakitoci a kowace kaka tun 2015, har wasu rassa kan ware dare na musamman domin yara da manya su zo su yi musaya.

6. Lokacin da kasuwa ta shigo

A ƙarshen shekarun 1980 labari ya bazu cewa tsofaffin katuna sun yi kuɗi, sai jama'a suka fara saye akwati-akwati suna ɓoyewa da fatan biyan kuɗin karatun 'ya'ya, kamfanoni irin su Pro Set da Score da Upper Deck kuma suka shigo hoki a kakar 1990-91 suka buga ba ƙaƙƙautawa. Da yake kowa ya ajiye nasa cikin tsabta, babu abin da ya yi ƙaranci, farashi ya rushe, Pro Set ta durƙushe cikin 'yan shekaru, aka tabbatar da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Katin farko na Martin Brodeur, wanda ya fi kowane gola cin wasa da 691 da kuma kammalawa ba a zura masa ba da 125, ya fito a wannan ambaliya tun kafin ya buga ko wasa ɗaya a gasar, shi ya sa kusan kowa na iya mallakarsa.

Maganin da kasuwa ta samo kashi biyu ne, kuma kowanne da nasa lahani. Na farko shi ne ƙirƙirar ƙaranci da gangan, inda ake buga hoto guda da launuka daban-daban, a rubuta wa wani lambar cewa guda 100 ne a duniya, wani guda 10, wani kuma guda ɗaya tilo. Ga mai bin gola ɗaya wannan ya kashe begen kammalawa, domin ɗan wasan shekarun 1960 katunansa ana iya ƙirga su a zauna ɗaya, na yau kuwa a kaka guda kan sami ɗaruruwa, kuma Upper Deck, wanda shi kaɗai ke da lasisin gasar tun kakar 2014-15, babu abokin gasar da zai tilasta masa sassauci. Masu hankali daga cikin masu tarawa sun koma yanke wa kansu iyaka, wani ya tsaya a kan katunan da aka buga lokacin da golan ke wasa, wani a kan riga guda.

Na biyu shi ne tantancewa. Kamfanin PSA na California, wanda aka kafa a 1991, yana karɓar kati ya duba shi ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan ya rufe shi a cikin kwanson roba mai tauri da ba ya buɗuwa sai an fasa. Mai dubawa yakan karkata katin a ƙarƙashin fitila ya nemi ƙarzuwa a fuskarsa, ya sa gilashin ƙara girma a kan kusurwoyi huɗu ya ga ko ɗaya ta dakushe ta nuna farin takarda, ya bi gefuna, sannan ya auna ko hoton ya zauna a tsakiya ko ya karkata. Tsofaffin katunan O-Pee-Chee sun shahara da gefuna masu kaushi da hoto a karkace tun daga masana'anta, shi ya sa mai maki 10 a cikinsu ya zama abin nema, har katin farko na shahararren mai zura ƙwallo Wayne Gretzky na kakar 1979-80 mai wannan maki ya tashi a kan dala miliyan 3.75 a 2021. Dole a yarda cewa tantancewa ta yi amfani wajen rage jabu, kuma katin farko na Roy yana cikin waɗanda masu jabu suka fi kwaikwaya, don haka mai saye daga nesa yana da hujjar neman kwanson. Sai dai ba ta fi ƙarfin kuskure ba, domin katin da PSA ta fara tantancewa, wani tsohon katin wasan ƙwallon sanda na Amurka da Gretzky da abokin cinikinsa suka saya dala 451,000 a 1991, daga baya wani sanannen dillali ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunansa domin su yi kyau. Babban lahanin kuwa shi ne hira ta tashi daga kan gola ta koma kan lamba, har a sami mutum da katin Ken Dryden na kakar 1971-72 a cikin kwanso, ya san makinsa da farashinsa na makon jiya, amma bai san cewa mai hoton ya ɗauki kofin Stanley sau 6 cikin shekara 8, ya kuma ajiye wasa kaka guda ya je ya yi aiki a ofishin lauyoyi saboda saɓani a kan albashi ba. Guguwar da ta taso a 2020, lokacin da annoba ta zaunar da mutane a gida, ta kai PSA ga dakatar da karɓar mafi yawan katuna a 2021 saboda sun yi mata yawa, kuma da ta lafa waɗanda suka saya domin riba ne suka ji jiki, mai kundin gola ɗaya bai rasa komai ba tun da dama bai yi niyyar sayarwa ba.

7. Almakashi a kan kayan tarihi

Tun kakar 1996-97 da Upper Deck ya fara manna ɗan ƙyallen rigar da ɗan wasa ya sa a jikin kati, wannan salo ya bazu, kuma kayan gola sun fi na kowa jan hankali saboda yawansu, ga riga, ga katifu, ga safar kamu, ga sanda. Idan rigar ɗan wasan da ke raye ce, wanda ke canza da dama a kaka guda, babu wata asara a ciki, kuma yaron da ya shafa ƙyallen da yatsa ya ji ya kusanci gwaninsa yana da haƙƙin wannan farin ciki. Matsalar tana tasowa ne idan almakashi ya kai ga abin da ba shi da na biyu. A wajajen shekarar 2000 kamfanin In The Game ya mallaki katifun ƙafa na Georges Vézina, waɗanda ake kyautata zaton su kaɗai suka rage daga kayansa irinsu, ya yayyanka su ya rarraba a cikin katuna, abin da ya tayar da ƙura a Kanada. Hujjar masu kare matakin ita ce gara mutane da yawa su riƙe ɗan yanki na tarihi da a kulle shi a gidan attajiri guda, hujjar da ke da daɗin ji amma ba ta tsayuwa, domin tamkar a ɗauki alkyabbar wani tsohon sarki ne a yanka ta ƙyalle-ƙyalle a ce an raba wa talakawa tarihi. Cikakkiyar katifa tana nuna wa mai nazari tsayinta da kaurinta, da yadda aka ɗinka ta, da inda ta fi cinyewa saboda yadda mai ita ke tsayawa a zamanin da aka fara barin gola ya zube ƙasa a 1918, amma guntun fata mai faɗin ɗan yatsa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da an bar su, gidan tarihin hoki da ke Toronto zai iya nuna cikakkun katifun ga dubban baƙi a kowace shekara, guntayen kuwa yanzu suna warwatse a hannun waɗanda suka iya biya, da yawansu a cikin kwanson roba, kuma babu wanda zai iya sake haɗa su.